Yadda Taya Ta Raɗa wa Abincin Faransa Suna

Duk wanda ya bi hanyoyin karkarar Faransa tsakanin Yuni da Satumba zai riƙa cin karo da wasu fararen motoci masu tudu, waɗanda aka mai da cikinsu ɗaki: ga gado, ga murhun gas, ga ɗan firji, ga tankin ruwa da makewayi. Masu su galibi dattawa ne da suka ajiye aiki, sai iyalai daga Jamus da Holan da Birtaniya. Da la'asar sakaliya irin wannan motar kwana takan sauka daga kwalta ta shiga harabar wata gona, mai gona ya nuna musu inda za su tsaya, kafin rana ta faɗi sun sayi cukun awaki da zuma da man zaitun daga hannun wanda ya yi su. A ransu sun tsere wa abincin kanti, sun ɗanɗani abin da mutanen wurin suka gada kaka da kakanni. Akwai gaskiya a wannan zato, amma ba ta cika ba. Girkin kansa tsoho ne. Sai dai ɗaure kowane gari da abinci guda, da al'adar tuƙa mota takanas don a ci shi a inda aka yi shi, ba su wuce shekara ɗari da 'yan kai ba, kuma waɗanda suka assasa su masu sayar da taya ne da 'yan jarida da masu masauki. Manomi daga baya ya shigo.

Sai a fara da abin da talakan karkarar Faransa yake ci kafin mota ta iso. Masanin tarihi Eugen Weber, a littafinsa na 1976 kan yadda rayuwar manoman ƙasar ta sauya tsakanin 1870 da 1914, ya tattaro rahotannin jami'ai da matafiya na wancan zamani, kuma abin da ya fito daga cikinsu ba ya sa yawu ya tsinke. Baƙin burodi ne mai tauri, wanda akan gasa da yawa a ajiye har ya bushe, a jiƙa shi a ruwan kabeji ko albasa safe da yamma. A duwatsun Cévennes da Limousin da tsibirin Corsica, ƙwayar wani itace da suke kira châtaigne ita ce ke riƙe da ciki rabin shekara. A Bretagne wani baƙin hatsi ne mai suna sarrasin. A kudu maso yamma faten masara ne, har cutar fatar nan ta pellagra, wadda ke kama masu dogaro da masara zalla, ta addabi yankin Landes a ƙarni na 19. Nama sai ranar biki. Kaza mai ƙiba da ƙwai da man shanu kasuwa ake kai su, don a biya haya da haraji. Wanda ya rayu a haka bai ɗauki tukunyarsa abin alfahari ba, balle ya yi tsammanin wani attajiri zai taso daga Paris don ya sa hannu a ciki.

Abin da ya sauya lissafin ya fito ne daga Clermont-Ferrand, inda 'yan'uwa biyu, André da Édouard Michelin, suke da masana'antar roba tun 1889. A 1900 motocin da ke Faransa duka ba su kai 3,000 ba, kuma mai sayar da taya ba shi da ciniki sai masu mota sun yi doguwar tafiya tayoyinsu sun cinye. A shekarar suka buga wani ɗan jan littafi, kofi kusan 35,000, suka raba kyauta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A cikinsa akwai yadda ake cire taya a yi faci, da inda za a sami bakanike, da shagunan da ke sayar da fetur a gwangwani tun ba a san gidan mai ba, da masaukin da za a kwana. Abinci a gefe yake, kusan cikon shafi. Kamfanin ya ci gaba da share wa direba hanya: ya fara buga taswirorin mota a 1910, ya jagoranci koken da ya nemi gwamnati ta sa wa hanyoyi lamba a 1912, ya riƙa kafa alamun hanya da kuɗinsa. Wata taswirarsa ta baya, mai lamba 153, ita ce Turawan da ke ratsa Sahara daga Tamanrasset zuwa Agadas suke buɗewa a kan cinya. A 1920 aka fara sayar da jan littafin kan faran 7, kamfanin da kansa yana ba da labarin cewa André ne ya tarar an tokare teburin wani gareji da kofensa, ya gane abin kyauta ba shi da daraja. Tauraro ya bayyana a gefen sunan gidajen abinci a 1926, a 1931 aka mai da shi hawa uku. Ma'anar da aka ba hawan ita ce ta fi tona asiri: tauraro biyu na nufin wurin ya cancanci a ratse daga hanya dominsa, uku kuwa ya cancanci a yi tafiya musamman. Wato an auna daɗin miya da kilomita, kilomita kuwa ita ke cin taya.

Kamfani shi kaɗai ba zai iya koya wa mutane kwaɗayi ba, sai da marubuta. A 1912 ɗan jarida Louis Forest ya kafa wata ƙungiya ta mutum ɗari, masu mota da kuɗi, waɗanda ke musayar labarin masaukin da ke girki mai kyau da wanda ke cutar baƙo. Amma uban tafiyar shi ne Maurice Edmond Sailland, ɗan garin Angers, wanda duniya ta sani da laƙabin Curnonsky, kuma ya taɓa yi wa Michelin rubutun talla. Daga 1921 shi da abokinsa Marcel Rouff suka riƙa zagaya lardunan ƙasar a mota suna fitar da ƙananan littattafai, lardi bayan lardi, har 28, ƙarƙashin sunan La France gastronomique. A 1927 aka zaɓe shi yariman masana abinci a wata ƙuri'a da mujalla ta shirya, a 1933 kuma shi da Austin de Croze suka fitar da kundin da ya jero abincin kowane lardi. Magadan gari ma sun hango kasuwa, domin Gaston Gérard na Dijon ya buɗe bajakolin abinci a garinsa tun 1921. Abin lura shi ne irin teburin da waɗannan marubuta suke zama. Ba su kwana a bukkar mai noman châtaigne ba. Masauki suke sauka, mai masauki ya san su wane ne, ya fito musu da abin da gidan masu hali ke dafawa ranar ɗaurin aure. Kamar baƙon da ya sauka gari ranar Babbar Sallah ne, ya koma ya rubuta cewa mutanen nan kullum soyayyen rago suke ci. Abin da suka rubuta shi matafiyi na gaba ya zo yana nema, abin da ya nema shi aka dafa masa, a haka abincin biki ya zama fuskar gari. Wainar tuffa da 'yan'uwa mata biyu, Stéphanie da Caroline Tatin, suke yi a otal ɗinsu na Lamotte-Beuvron, mafarauta da masu wucewa kawai suka san ta, sai da Curnonsky ya yayata ta a Paris ta zama abin da kowane ɗan makarantar girki yake koya.

Hanya ɗaya ta isa shaida. Babbar hanya mai lamba 7 ta tashi daga Paris ta bi ta Nevers da Roanne da Lyon, ta gangara kwarin kogin Rhône ta Vienne da Valence da Montélimar da Avignon, ta ɓulle gaɓar Bahar Rum har Menton a kan iyakar Italiya, tafiyar kusan kilomita 1,000. Motar shekarun 1930 ba ta cinye wannan a yini guda, dole a yi zango, kuma a waɗannan zanguna ne manyan sunayen girkin Faransa suka tsiro. Fernand Point ya sami tauraro uku a gidansa na La Pyramide da ke Vienne a 1933. A shekarar ce Eugénie Brazier, 'yar ƙauye wadda ta fara da aikatau, ta sami uku-uku a gidajenta biyu, ɗaya a cikin Lyon ɗaya a kan tudu a wajen gari. Labarin André Pic ya fi kowane fito da abin fili. Yana da tauraro uku tun 1934 a masaukin gidansu da ke kan tudun Saint-Péray, amma a 1936 ya tattara tukwanensa ya haye kogi ya koma Valence, ya buɗe a bakin hanya mai lamba 7. Mai girki bai sauya ba, abin da ya bi shi ne ƙarar inji.

Montélimar kuwa ta ga samu ta ga rashi a hannun hanyar nan. Garin ya daɗe yana yin wata farar alewa mai suna nougat, wadda ake kaɗa farin ƙwai da zuma da sukari a kan wuta mai sanyi har su yi kumfa su kama jiki, a zuba gasasshiyar ƙwayar almon, a shimfiɗa a danne, in ta huce a yayyanka. Émile Loubet, tsohon magajin garin wanda ya shugabanci Faransa daga 1899 zuwa 1906, ya riƙa ba manyan baƙi ita kyauta, sunanta ya ɗan fita. Amma cunkoso ne ya yi mata arziki. A shekarun 1950 da 1960, idan hutun bazara ya kama, motocin masu gangarawa teku sukan cushe a tsakiyar garin, injina suna zafi, yara suna ƙorafi a kujerar baya, shagunan alewa kuma jere hagu da dama. Wanda ya yi sa'a guda bai motsa ba zai sauka ya sayi tsaraba. Da aka buɗe sabuwar babbar hanya ta A7 a ƙarshen shekarun 1960 ta kewaye garin, shaguna da yawa suka rufe. Masu sana'ar da suka rage ba su tsaya kuka ba, suka haɗa kai suka bi motocin zuwa wurin hutawar direbobi da ke kan sabuwar hanyar, suka kafa shago a can.

Mai ja da wannan magana zai ce ai tun kafin a ƙera mota an san garuruwan Faransa da kayansu, kuma yana da hujja. A 1809 wani mai haɗa magunguna, Cadet de Gassicourt, ya buga taswirar ƙasar da zanen abin da kowane gari ya yi suna da shi a gefen sunansa. Jirgin ƙasa ma ya yi nasa aiki: shi ya riƙa kai cukun Camembert daga Normandie zuwa Paris, akwatin katako mai zagaye da aka ƙirƙiro masa wajen 1890 ya ba shi damar yin nisa bai fashe ba, sannan rabon da aka yi wa sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kai shi bakin 'yan kowane lardi. Duk wannan haka yake. Amma a dubi inda kayan suke nufa. Taswirar 1809 ta mai cefane ce da ke zaune a Paris yana son sanin daga ina za a aiko masa da abu mafi kyau, jirgin ƙasa kuma layukansa duka a babban birni suke haɗuwa. Abin da ke iya jure kwando da kwana biyu a tarago shi ke yin suna. Miyar da sai an ci ta da zafinta a inda aka sauke ta, ba ta da hanyar shiga wannan lissafi. Mota ce ta juya akalar, ta ɗauki mai ci ta kai shi ƙauyen da ba shi da tasha, daga nan ne wuri da girki suka zama abu ɗaya da ake biyan kuɗi a kansa.

Wani kuma zai ja ta ɗaya gefen ya ce, to ashe duk yaudara ce, an ƙirƙiri gargajiya don a tatsi baƙo. Shi ma ba zai rasa abin nunawa ba. Mutanen Castelnaudary suna ba da labarin cewa an fara dafa shahararren wakensu na cassoulet ne lokacin da Ingilishi suka kewaye garin a Yaƙin Shekara Ɗari, alhali irin waken da ake dafa shi da shi daga nahiyar Amurka ya zo, bayan yaƙin ya ƙare da daɗewa. Barkonon Espelette da ake rataya a bangon gidajen ƙasar Basque asalinsa daga Amurka ne shi ma. Miyar kifin Marseille, bouillabaisse, ta masunta ce da ke dafa ragowar kifin da bai sayu ba, sai a 1980 wasu masu gidajen abinci suka zauna suka rubuta yarjejeniyar irin kifin da ya halatta a sa da yadda za a kawo shi gaban baƙo. Tartiflette, dankali da cukun Reblochon da ake ci a duwatsun Savoie kamar tun zamanin kakanni, a shekarun 1980 ya bazu a wuraren wasan ƙanƙara. Amma kiran wannan yaudara rashin adalci ne. Ba a taɓa yin abincin da ya faɗo daga sama da cikarsa ba, kowane girki yana da ranar da wani ya fara shi da dalilin da ya sa aka riƙe shi, kuma ciniki dalili ne mai mutunci kamar yunwa. Bugu da ƙari, kuɗin baƙo ya jawo doka, doka kuma ta ɗaure hannun mai algus. A 1925 majalisa ta keɓe sunan Roquefort ga cukun nonon tumaki da aka nuna a kogunan dutsen da ke ƙauyen mai wannan suna, a 1935 aka shimfiɗa tsarin kare sunan asali ga giyar inabi, kazar Bresse ta sami nata a 1957, barkonon Espelette a 2000. Kowace irin wannan doka tana fayyace yanki da iri da yadda za a yi aikin. Illarta ita ce takan daskarar da abin da dā yake sauyawa daga gida zuwa gida. Amfaninta kuma, makiyayin tumakin da ke yankin Roquefort yana da abin da masana'antar wani wuri ba ta isa ta kwaikwaya ta sa masa suna ɗaya ba.

Har zuwa tsakiyar shekarun 1930 wannan duk harkar masu hannu da shuni ce. Direbobin manyan motoci sun sami nasu tun 1934, lokacin da ɗan jarida François de Saulieu ya fara haɗa gidajen abincin bakin hanya ƙarƙashin alamar Les Routiers mai shuɗi da ja, inda ake cika faranti kan kuɗi kaɗan. A 1936 gwamnatin Léon Blum ta ba ma'aikata hutun mako biyu da albashi, aka ƙara zuwa uku a 1956, huɗu a 1969, biyar a 1982. Ma'aikacin da ya sami hutu ba shi da kuɗin otal, sai ya ɗauki tanti, daga baya ya ja ɗan ɗaki a bayan mota. A Jamus kamfanin Westfalia ya fara sa kayan kwana a cikin ƙaramar bas ta Volkswagen a farkon shekarun 1950, a Faransa masu dabara suka riƙa gyara Citroën Type H, motar ɗaukar kaya mai jikin kwano, su sa mata gado. Wannan matafiyi ya bambanta da na Curnonsky ta wajen abu ɗaya mai nauyi: yana tafe da murhunsa. Ba ya bukatar masauki, ba lalle ya zauna a gidan abinci ba. Abin da yake nema ɗanyen kaya ne da wurin da zai kwana ba a kore shi ba.

Bukatarsa ta zo daidai lokacin da ƙaramin manomi yake neman mafita. A 1955 gonakin Faransa sun kai miliyan 2.3, a 1988 sun dawo wajen miliyan ɗaya, ƙidayar 2020 ta sami kusan 390,000. Wanda ya rage da 'yan awaki ko ɗan lambun inabi ba zai iya gogayya da farashin manyan kantuna ba, sai dai ya sayar hannu da hannu. A 1988 majalisun aikin gona suka kafa tsarin Bienvenue à la ferme don jawo baƙi cikin gonaki. A 1993 aka fara France Passion, da farko tsakanin masu gonakin inabi, daga baya masu cuku da zuma da zaitun suka shigo, yau masu karɓar baƙi a ƙarƙashinsa sun haura 2,000. Ƙa'idarsa gajera ce. Matafiyi ya sayi littafin shekara ya manna shaida a gilashin mota, ya iso da ruwansa da makewayinsa, ya gai da mai gida, ya kwana ɗaya kyauta, ya yi sallama kafin ya tashi. Ba a wajabta masa sayen komai ba. Wanda ya tsara haka ya san halin ɗan Adam, domin da wuya mutum ya kwana a harabar wani, ya ga garken da aka tatsa da asuba, ya tashi hannu rabbana. An kwaikwayi tsarin a Birtaniya da Jamus da Amurka.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi a kan masu motar kwana daga mazauna garuruwan yake fitowa: suna cika firji a babban kanti kafin su taso, su tare bakin teku da filin kasuwa, su tafi ba su bar wa otal ko gidan abinci ko sisi ba. Shi ya sa garuruwan gaɓa da yawa suka gitta ƙarfe a ƙofar wuraren ajiye mota, daidai tsayin da doguwar mota ba za ta wuce ba. Mai otal yana da gaskiyarsa, kuɗin da dā zai shigo aljihunsa ya bi wata hanya. Amma wancan kuɗi bai taɓa isa hannun mai awaki kai tsaye ba a zamanin taurari, sai ya bi ta dillali da mai girki, kowa ya yagi rabonsa. Yanzu yana isa, kuma kamar yadda baƙon 1925 ya tsara abin da mai masauki zai dafa, baƙon yau yana tsara abin da manomi zai yi. Firjin mota ƙarami ne, hanya kuma tana girgiza, saboda haka shagon gona ya cika da ƙananan kwalabe masu murfin ƙarfe, da cuku ɗan dunƙule wanda mutum biyu za su cinye a zama ɗaya, da zuma da man zaitun da za su kai Hamburg ba su lalace ba. Miyar kabeji da busasshen burodi, wadda ita ce ta rayar da kakannin mai gonar, ba ta cikin abin da ake jerawa a kan kanta, kuma babu matafiyin da ya tambaye ta.